Me ya sa ake lissafin kaurin tanki da 160 alhali ƙarfen yana ɗaukar 250?

Tambaya: Malam, ni injiniya ne a wata masana'anta da ke Sharaɗa, an ba ni aikin tankin man dizal mai faɗin mita 20 da tsayin mita 12. Takardar ƙarfen, nau'in A36, ta nuna megafaskal 250 (megafaskal ma'aunin ƙarfin ja ne da ƙarfe ke ɗauka), amma jadawalin API 650 ya ba ni 160 da 171. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, 250 ɗin da ka gani ita ce gaɓar da ƙarfen yake fara miƙewa ba ya komawa yadda yake, kuma a 400 yake tsinkewa. Ba a gina tanki a kan waɗannan gaɓoɓi, domin walda ba ta rasa ɗan aibi, ƙasa tana iya zama a ƙarƙashin tanki, fallen ƙarfe ma wani lokaci ba ya cika kaurin da aka rubuta masa.

Saboda haka ƙa'idar API 650, wadda cibiyar man fetur ta Amurka ta fitar, ta ce a lissafa biyu bisa uku na gaɓar miƙewa da biyu bisa biyar na gaɓar tsinkewa, a ɗauki ƙaramar. A ƙarfenka suna ba da kusan 167 da 160, to daga nan 160 ta fito, kuma ita ce ta yanayin aiki na kullum. Ita 171 ta gwajin cika tanki da ruwa ce kafin a zuba mai, inda ake ɗaukar ƙaramar tsakanin uku bisa huɗu na gaɓar miƙewa da uku bisa bakwai na gaɓar tsinkewa. An sassauta ta ne don gwajin na ɗan lokaci ne, ƙarfen kuma sabo.

Dukansu biyu za ka yi aiki da su. A zoben ƙasa na bangon tankin, ka ninka 4.9 da faɗin tanki da tsayin ruwa bayan ka cire mita 0.3, wato 4.9 sau 20 sau 11.7, ka sami kusan 1,147. Don aiki, ka ninka da nauyin dizal idan aka gwada shi da ruwa, kusan 0.85, ka raba da 160, ka sami milimita 6.1, sannan ka ƙara rarar tsatsa, wato ƙarin kaurin da ake barwa tsatsa ta ci, da mai tankin ya amince da ita, idan 1.5 ce, ka kai 7.6. Don gwaji kuwa, ka raba 1,147 da 171 ba tare da rarar tsatsa ba, ka sami 6.7. Wanda ya fi kauri shi ake bi, don haka falle mai milimita 8 za ka nema. Ka lura, da babu rarar tsatsa, gwajin ruwan ne zai yi rinjaye, tunda ruwa ya fi dizal nauyi, kuma nan ne matasa da yawa suke mantawa. Da 250 ka raba a lissafin aiki, da ka sami ƙasa da milimita 4 kafin rarar tsatsa, wanda bai kai mafi ƙarancin milimita 6 da ƙa'idar ta gindaya wa tanki mai wannan faɗin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfen kansa. Waɗannan lambobi na A36 ne kaɗai. A283 mai daraja C yana da 137 da 154. Idan an sayo fallen a Ƙofar Ruwa ba tare da takardar masana'antar da ta narka shi ba, kada ka ɗora masa 160 sai an yanki samfur an gwada shi a ɗakin gwaji. Idan kuma abin da za a ajiye zai wuce zafin digiri 93 na Celsius, jadawalin ba ya aiki kai tsaye, dole a rage lambar bisa rataye na M na ƙa'idar.