Tambayi Likita: Kwanakin farko da yaron riƙo a baƙuwar ƙasa

Wasiƙun wannan makon daga 'yan uwanmu mazauna Turai da Amurka suke, waɗanda suka ɗauko marayu masu wayo daga gida don su riƙe.

Salamu alaikum Likita. Mun ɗauko yarinya mai shekara 8 daga wani gidan marayu a Nijar zuwa Faransa. Tana cin abinci hannu baka hannu ƙwarya har ta yi amai, jiya kuma na tsinci burodi da ƙashin kaza a cikin rigar matashinta. Tsutsar ciki ce, ko halin ɓera? Daga wata uwa a Liyon.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki cire maganar sata daga ranki. Yaron da ya tashi inda ake rabon abinci sau ɗaya, wanda ya makara ya kwana da yunwa, ya riga ya koyi cewa abin da ke hannunsa ne kaɗai nasa. Yarinyar nan ba ta yarda ba tukuna cewa gobe ma za a ɗora tukunya.

Kada ki kulle firji, kada ki titsiye ta da tambaya. Ki tsayar da lokutan cin abinci, a riƙa binsu kullum. Ki zuba mata kaɗan, ki ce mata akwai ƙari, in ta nema kuma ki ƙara. Ki ba ta 'yar roba mai murfi ta zama tata, ki sa dabino da biskit, ta ajiye kusa da gadonta. Ki dafa abin da bakinta ya sani, tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, kunu. Cukun Faransawa ba inda za shi. Yawanci ɓoyon yana raguwa da kansa, sai dai yakan ɗauki watanni. Batun tsutsa kuwa, gwajin bayan gida ne zai raba gardama.

Likita, ɗan marigayi wana ne mai shekara 7, mun kawo shi Amurka. Ya koma fitsarin kwance, yana farkawa da kuka. Maigida ya ce sai da bulala.

'Yar uwa, ki roƙi maigida ya ajiye bulalar. Duka ba ya maganin fitsarin kwance, tsoro yake ƙarawa, kuma a can yana iya jawo muku hukuma har cikin gida. Yaron nan ya rasa uba, ya rasa unguwa da abokai da harshen da yake ji a titi, duk a lokaci guda. Komawa baya irin wannan sananne ne. Ki shimfiɗa leda, ki bar fitila a kunne, ki kwana kusa da shi, ya yi fitsari kafin ya kwanta. In akwai zafin fitsari, ko jini, ko yawan ƙishirwa, a kai shi a auna fitsarin.

An yi wa yaron da muka ɗauko gwaji kafin a ba shi biza, kuma garau yake. Dole ne mu sake zuwa asibiti? Daga wani magidanci a Kolumbus.

Dole ne, Malam, cikin mako biyun farko. Gwajin biza cututtuka 'yan kaɗan yake nema. Likitan yara zai duba tarin fuka, ciwon hanta, ƙanjamau, ƙarancin jini, sikila da tsutsar ciki, sannan ido, kunne da haƙora. Tun da yawancin yaranmu an yi musu allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, gwajin jini na tarin fuka ya fi na fata, domin na fatar yakan nuna cuta alhali babu. Ka faɗa wa likita inda yaron ya taso: in ya yi wanka a rafi ko kududdufi a duba tsagiya, in kuma daga yankin haƙar zinare yake a auna dalma a jininsa, kowa ya tuna yadda gubar dalma ta kashe yara a Zamfara a 2010. Ka tafi da katin rigakafinsa. Allurar da babu shaidarta za a sake. Abu ɗaya da nake so ka riƙe: duk zazzaɓin da ya taso a watannin farko, ka buɗe baki ka ce a gwada maleriya a ranar, saboda likitocin can ba kasafai suke ganinta ba.

Yarinyar da muka ɗauko ta ƙi ce mini Mama, amma duk baƙuwar da ta shigo sai ta haye cinyarta. Mun kuma shirya walima.

A ɗage walimar, Hajiya. Yarinyar da ta bi ta hannaye da yawa ba ta bambance tata da baƙuwa ba tukuna. Na 'yan makonni, ke da maigida kaɗai za ku riƙa ba ta abinci, ku yi mata wanka, ku rarrashe ta. Ta kira ki Inna ko Gwaggo ko Anti, duk wanda ya zo bakinta. Ki bar mata sunanta da hoton mahaifiyarta, ku ci gaba da yi mata Hausa a gida, domin yaran riƙo kan manta harshensu da sauri in babu mai yi musu shi.