Me Yake Nema A Sama Da Kyamara?

Tambaya: Malam, ɗana da ke Ingila ya ce maƙwabcinsa ya kafa kyamara a rufin gida, tana kallon sama har asuba. Me yake nema?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, taurarin nan masu faɗowa yake ɗauka. Ba ma taurari ba ne, tsakuwoyi ne da ke ƙonewa in sun shigo iskar duniya. Idan kyamarori biyu a garuruwa daban suka kama haske ɗaya, sai a lissafo inda dutsen ya fito da inda ya sauka. Haka aka yi a Winchcombe, wani gari a Ingila, ran 28 ga Fabrairun 2021. Washegari wasu mutane suka tarar da gutsattsarinsa a ƙofar gida, baƙi ƙirin kamar gawayi.

Ni kam da ido nake kallonsu, tsakiyar Disamba, har sanyi ya kore ni ɗaki.