Ni ma haka tawa ta yi min, kada ka bari kwanakin mayarwa su wuce ka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka sabuwa, kwali ya ce awa 12, amma yau ta ba ka awa shida, gobe ko uku ba ta kai ba, kana tambaya ko ka mayar ko ka haƙura. Na san wannan baƙin cikin, don ya kusa jawo min asarar karatun shekara biyu.

Tawa kuɗinta bai zo da sauƙi ba. Mahaifiyata ce ta sayar da tumakinta biyu, yayana ya cika, aka ce in sayi sabuwa dal don kada ta hannu ta ba ni matsala lokacin rubuta kundin digirina na biyu. Mai shagon da hannunsa ya yanke ledar kwalin a gabana, yana ta rantsuwa cewa in na cika ta da safe sai dare. Makon farko na ga ba haka ba, na kira shi, ya ce ai sabon batir sai ya saba. Na yarda. Wannan yardar ce ta cuce ni.

Ranar da zan kare kundin, tun dare na kai ta maƙwabta inda ake da sola, na cika ta ɗari bisa ɗari, na rufe murfin na sa a jaka. Da safe a ɗakin taron babu wuta, janaretan sashen kuma babu mai. Aka ce kowa ya juya kwamfutarsa ga malamai su gani. Na zuge jaka, na ji ta da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Malamin da ya zo daga wata jami'a yana duban agogo, mai duba aikina ya sunkuyar da kai, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Duk jadawalan da na kwana ina shiryawa suna ciki. Wata 'yar ajinmu ce, Allah Ya saka mata da alheri, ta ara min tata, muka ciro tsohon kwafi daga imel ɗina, wanda babu gyaran babi na huɗu a ciki. Haka na tsaya ina bayani da baki a kan lissafin da ba ya kan allo. Na ci, amma har yau in na tuna yadda muryata ta riƙa rawa sai raina ya ɓaci.

Washegari na koma shagon. Mutumin da ya kira ni "Alhaji ƙarami" ranar ciniki ko kallona bai yi sosai ba. Ya ce batir ba ya cikin garanti, kuma kwana bakwai yake bayarwa, sun wuce. Na ce ai a cikin kwana bakwan na kira ka, kai ka ce in jira. Ya ce shi bai tuna ba. Sannan ya ce wataƙila da janareta nake caji na lalata shi. A gaban yaransa, suna dariya. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne na kasa gaya wa mahaifiyata. In ta tambaya sai in ce kwamfuta lafiya lau.

Saboda haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ka buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka rahoto ya nuna maka inda yake. Ka duba Design capacity, wato abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da Full charge capacity, wato abin da yake ɗauka yanzu. A sabuwar kwamfuta ya kamata su yi kusa da juna sosai. Akwai kuma Cycle count, adadin zagayen caji, kodayake wasu kwamfutocin ba sa nuna shi. Ni da wani mai gyara ya nuna min wannan, sati biyar da saye, nawa ya nuna zagaye sama da 140, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ya tafi. Ashe tsohuwa ce aka goge aka sake naɗewa a leda. In ka ga irin haka, ka ɗauki hoton allon ka tura masa ta WhatsApp don ya zama a rubuce, kada ka tsaya kiran waya. Ka tafi da rasit, ka tafi da babba, in kasuwar tana da shugabanni ka kai musu.

In kuma lambobin sun yi daidai, to batirinka lafiyarsa ƙalau, kwalin ne ya yaudare ka. Awannin da suke rubutawa sukan gwada ne da kallon bidiyo, an rage hasken allo sosai, ba a wani aiki. Lissafin mai sauƙi ne: batir mai 50Wh (Wh shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka) in kwamfuta tana jan wat 5 zai yi awa 10, in tana jan wat 20 awa biyu da rabi ne. Shi ya sa kake ganin yau daban gobe daban. Ranar da kake rubutu a Word cikin ɗaki ba ɗaya take da ranar da ka zauna a waje ka ƙure haske, ka buɗe Chrome da shafuka ashirin, kana Zoom, ga waya a jone tana shan caji daga jikinta. Mu nan kusan kowa yana cajin waya da kwamfuta in an ɗauke wuta, sai mu manta da wannan. Kuma kwanakin farko Windows tana ta sauke sabuntawa a ɓoye, tana cin batir da data tare. In allonka mai 120Hz ne, wato yana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, ka mayar da shi 60. In kwamfutar wasanni ce mai katin sarrafa hoto na Nvidia, ka cire rai da awanni masu yawa.

Zafin da na ji a jaka kuwa, daga baya na gane sabbin kwamfutocin Windows da yawa ba sa barci na gaske in ka rufe murfi. Modern Standby ake ce masa, tana iya farkawa a jaka ta yi ta aiki. Ka canza rufe murfi ya zama Hibernate, wato ta adana aikinka ta daina jan wuta, ko ka kashe ta gaba ɗaya in za ka yi tafiya. Don Allah kada ka raina wannan, musamman a zafin Afrilu da ake haura digiri 40, domin zafi ke tsufar da batirin lithium da wuri. Kada ka ɗora ta a kan katifa. Lenovo da ASUS da Dell suna da wurin da za ka taƙaita caji kada ya cika fal, amma ni ban kunna irin wannan ba, don da wutarmu in ta zo gara in cika.

Har yanzu ba na bin layin shagon nan in na shiga kasuwa, sai in zagaya. Na sayi wani batir daga baya da kuɗin koyarwar da nake yi da yamma, shi ma sai da na sa aka buɗe rahoton a gabana kafin na biya.

Kwana nawa da sayenka, kuma kwana nawa ya ba ka? Ka turo lambobin nan biyu a nan, ina nan har bayan isha'i, zan duba maka.