Abin da ya kai mu Karakul, Yaya

Yaya, na saurari saƙonka har sau uku, wanda ka aiko bayan ka ga hotonmu a gindin hasumiyar Bukhara. Ka ce wai me ya kai Bahaushe wannan uwa duniya, ko mun gama zama Larabawa ne mun koma neman zama Turkawa. Na san wannan da raha ka faɗa. Amma da ka zo kan auren 'yata sai na ji muryarka ta sauya, ka ce duk samarin Hausawa da ke Makka an rasa wanda za a ba ta sai bare. Wannan kam ta zauna mini a rai.

Bari in fara da wanda kake kira bare. Mu nan Bukhari muke ce musu, wasu su ce Turkistani, kuma tare muka tashi. Kakanmu, ƙanen kakanka, ya bar ƙasar Katsina da ƙafa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Ya bi ta Barno da Abeshe da Fashir, ya tsaya ya yi ƙwadago a gonakin Sudan, ya haye teku daga Sawakin, ya iso Makka bayan shekara tara a hanya. Su kuwa nasu kakannin sun gudo ne bayan sojojin Kwaminis sun kama Bukhara a 1920, sarkinsu ya tsere Afganistan. Suka bi ta Afganistan da Indiya, jirgin ruwa ya sauke su a Jidda. Su ma addininsu suka gudo da shi kamar namu. A layinmu na Misfala katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Inna takan aika musu da fura da azumi, su aiko mana da mantu, wato ƙullin fulawa da nama a ciki da ake turarawa. Yau duk Saudiyya ana cin shinkafar da ake kira ruz Bukhari, kuma duk ɗan Makka ya san siriya, wadda tsirenmu ne da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. Yaron da ya auri 'yata jikan wancan gidan ne. Na san ranar sunansa. Na san inda yake tsayawa a sahu da asuba. Da wani ya zo daga nesa da sunan Bahaushe ne kawai, da sai na aika an bincika mini asalinsa, shi kuwa babu abin da zan bincika.

Kuma kada ka ɗauka mun miƙa ta haka kawai. An kawo lefe, an yi kamu, an sa ta a lalle, gwaggonninta sun yi mata faɗa da Hausa har ta yi kuka, mun kai gara. Danginsa suka karɓi duk wannan ba su ce uffan ba. Su ma suka yi nasu, inda amarya ke rusunawa ta gaida dangin miji ɗaya bayan ɗaya.

Tafiyar kuwa ta mahaifinsa ce. Tsoho ne, ya haura saba'in, a Makka aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar ubansa, Uzbekistan, ba. Zamanin Tarayyar Sobiyet hanya a rufe take, bayan ƙasar ta sami 'yanci a 1991 kuma sai hidimar iyali ta riƙe shi. Bara ya ce ba zai mutu bai ga Karakul, garin ubansa, ba, ya roƙe ni in raka shi. Surukin da ya roƙe ka irin wannan rakiya ya ɗauke ka ɗan'uwa, don haka ban ce a'a ba.

Muka sauka Tashkent, muka hau jirgin ƙasa ta Samarkand zuwa Bukhara. Kai da kake zaman karatun Bukhari kowace shekara, a nan aka haifi Imam a shekara ta 194 bayan hijira, kabarinsa kuma yana wani ƙauye kusa da Samarkand. Hasumiyar da ka gani an gina ta a 1127 da jan bulo, tsayinta kusan mita 46, kuma ta tsira lokacin da Jankis Khan ya ƙone birnin a 1220. Kwana biyu muka yi a nan, tsohon duk hankalinsa ba ya wurin.

Karakul na kudu maso yammacin Bukhara, wajen kilomita 60, a kan hanyar Turkmenistan. Da kaka muka je, ana tsinkar auduga. Kana fita daga birni gonaki ne dama da hagu, sai su fara raguwa, ƙasa ta yi fari-fari da gishiri kamar bakin tafkin kanwa, daga nan sai rairayi. Kogin Zarafshan da ke shayar da Samarkand da Bukhara a wajen nan yake ƙarewa, yashi da gonaki su shanye shi. Garin ƙarami ne, shiru. Daga sunansa aka samo sunan tumakin nan masu baƙar fata mai nannaɗe da ake ɗinka hulunan manya da ita. Yaya, da ka ga tsofaffin unguwannin da ka tsaya kallo: katangun ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa, ƙofa ɗaya, tsakar gida a ɓoye, tanderu a gefe ana gasa gurasa. Abin da ba mu da shi kawai rumfar inabi ce da gadon katako mai faɗi a ƙarƙashinta, inda ake zama cin abinci.

Sunan uba da sunan kaka kawai muka zo da su, sai wata tsohuwar takarda da harufan Larabci. Direbanmu ya kai mu wajen dattijon unguwa, wanda suke kira aksakal, wato farin gemu, kusan mai unguwa ke nan a wurinmu. Ya aika aka kira wasu tsofaffi biyu, suka yi ta lissafin zuriya da yatsu. Kafin la'asar aka kai mu gidan jikokin ƙanwar mahaifinsa.

Ga abin da nake so ka ji. Surukina Uzbekancinsa ya lalace. Yakan fara magana, kalma ta ɓace masa, ya cike da Larabci. Shigarsa ta Makka ce, farar jallabiya. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya gyara masa baki. Wata tsohuwa ta kama fuskarsa da hannu biyu tana kuka tana kiran sunan ubansa. Aka shimfiɗa, aka kawo gurasa aka gutsuttsura da hannu, don ba sa yanka ta da wuƙa kuma ba sa kifa ta. Aka zuba koren shayi kaɗan-kaɗan a ƙananan kwanoni, domin a wurinsu cika wa baƙo kwano kamar sallama ce. Da dare aka dafa shinkafa da karas da naman rago a ƙatuwar tukunyar ƙarfe, maƙwabta suka cika gidan, aka ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ni ma da baƙar fatata aka zaunar da ni nesa da ƙofa, wurin da ake ajiye manyan baƙi, saboda an ce musu ni ne uban amaryarsu.

Ina zaune a wurin na tuna zuwana na farko gida, ina da shekara 24. Baba ya yi ta ba mu labarin garinsu tun muna yara, na zo da zumuɗi kamar zan tashi sama. Ku kun karɓe ni hannu biyu, Allah ya saka, ba zan manta da tuwon da Gwaggo ta tashi da asuba ta tuƙa mini ba. Amma a kasuwa na buɗe baki aka kwashe da dariya, wani ya ce ga Takari. A majalisa wani ya tambaye ni ko bara muke yi a Harami. Na koma ɗaki ban ci abincin dare ba. Har yanzu idan mutanen gida suka ji an ce Bahaushen Makka, wanda ya zo Umara ya ƙi komawa suke gani. Akwai su, kuma su ma mutane ne masu neman halak ɗinsu. Akwai kuma waɗanda aka haifa a nan har yau da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, suke zaune, wannan ciwo ne da muke ji. Amma a cikinmu akwai malamai da likitoci da sojoji, kuma wanda ya riƙe kambun ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018 a Rasha, Usama Hausawi, ɗan Makka ne. Sunan nan Hausawi da shi muke sa hannu a kowace takarda, ba mu ɓoye shi ba.

Na yarda Hausar 'ya'yana ta fi tawa rauni, suna ji sarai amma da Larabci suke amsawa. Yana damuna, ina kuma yi musu faɗa. Sai dai ba sa gaida ni a tsaye, uwarsu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, kuma ba a yin mako a gidana ba a kaɗa miyar kuka ba.

Washegari suka kai mu kufan Baikand, ba nisa da garin. Birnin fatake ne a da, mai arziki, Ƙutaiba ɗan Muslim ya ci shi a 706. Muhammadu ɗan Salam al-Baikandi, malamin Imam Bukhari da kuke jin sunansa a isnadi, mutumin nan ne. Ruwa ne ya janye, mutane suka watse, yanzu sai ragowar ganuwa da tsingaro a cikin yashi. Surukina ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya ƙulle a gefen rawaninsa. Baba ma yana da irin wannan ƙullin, na ƙasar Katsina, wanda ubansa ya bar masa. Yana cikin akwatina.

'Yar taka tana da ciki, haihuwa bayan Babbar Salla in Allah ya yarda. Mijin da kansa ya ce idan namiji ne sunan kakanmu za a sa. Idan kujerarka ta bana ta tabbata, ka daure ka tsaya har suna, kai ne babba, kai za ka yi masa huɗuba. Ka taho mana da daddawa da kuka, ta wajen Gwaggo, ta nan ba ta da ƙamshi.