Tambaya da Amsa: An Sa Ni a Kwamitin Fansho, Ta Ina Zan Fara?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan fansho suka faɗa, sai na zaɓo guda uku, na farkon zai ɗan ci mana wuri don shi ne ya shafi mutane da yawa.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan na Abuja, watan jiya ƴan ƙungiyarmu ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, wato NULGE, suka tura ni in wakilce su a kwamitin da ke sa ido kan fanshon ma'aikata, to gaskiya ni ban karanci harkar kuɗi ba a sashen noma nake, na je zaman farko aka raba mana takardu cike da lambobi aka sha lemo aka sa hannu aka watse ban gane komai ba, ga shi mutane sai tare ni suke a masallaci da bakin get suna cewa ana cire musu kuɗi amma ba sa ganin alat. Dan Allah me ya kamata in riƙa dubawa? A sakaya sunana.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taya ka riƙo. Kar rashin karatun akanta ya karya maka gwiwa, aikin da ke gabanka na mai naci ne da mai iya tambaya, lissafin da ke ciki ɗan firamare ma zai yi shi.

Ka fara gane yadda kuɗin ke tafiya. Tun 2004 lokacin Obasanjo aka canza tsarin fansho, aka bar na da wanda gwamnati ke ɗauke da komai aka koma na karo-karo, sannan a 2014 lokacin Jonathan aka sake dokar, ita ce ake aiki da ita yanzu kuma ta hau kan ma'aikatan Abuja. Dokar ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a haɗa 18 a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin shi kaɗai, wanda ake cewa RSA. Kamfanin da ma'aikaci ya zaɓa, wato PFA, shi ke juya kuɗin amma ba shi ke riƙe da su ba, akwai wani kamfanin daban mai ajiya, an raba su ne da gangan don kar mai juyawa ya zama shi ne mai makulli, sai hukumar PenCom da ke nan Abuja tana sa ido a kan dukkansu.

To ka ga idan kuɗi ya riga ya shiga asusun mutum da wuya wani ciyaman ko ma'aji ya iya taɓa shi. Inda ɓarnar take shi ne ɗan tsakanin nan, daga ranar da aka cire zuwa ranar da aka tura. Nan zaka kafa kujerarka. Doka ta ba da kwana bakwai na aiki kacal bayan biyan albashi a tura kuɗin, in aka wuce akwai tara da ba za ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin da aka riƙe ba a duk wata, kuma asusun ma'aikacin tarar za ta shiga. Mutane da yawa ba su san da wannan tarar ba, shi ya sa ko an biya ariyas bayan shekara sai ka ji ana ta godiya da sa albarka, alhali ribar da kuɗin zai kawo a wannan shekarar ta tafi kuma babu wanda ya tambaya.

Ɗauki misali, wanda ake lissafa masa fansho a kan naira 100,000 a wata, nasa 8,000 na hukuma 10,000, 18,000 kenan, a shekara 216,000. In ma'aikata dubu ne miliyan 18 duk wata. Wata uku kawai a ce "za a tura" an riƙe wa bayin Allah miliyan 54, kuma wallahi wanda ke riƙewar sau da yawa ba ya ma jin sata yake, cewa zai yi ara aka yi don a cike giɓin albashi ko a sallami ɗan kwangila, in kaso ya shigo za a mayar. Daga ara ɗin nan ne ake wayar gari mutum ya yi shekara 35 yana aiki ya je karɓar haƙƙinsa a nuna masa asusu rabi.

Saboda haka a zama na gaba kar ka tsaya kan takardar da aka taƙaita muku. Ka nemi jadawalin cire kuɗi na wata, wanda ke da sunan kowa da lambar PIN ta asusun fanshonsa da abin da aka cire masa, ka nemi shaidar banki ta tura kuɗin mai kwanan wata, sannan ka fita waje ka samo mutum goma ko sha biyar daga sassa daban-daban, da mai shara da ma'aikaciyar asibiti da direba da ɗan ofis, ka roƙe su su nuna maka sitatimen ɗinsu, kamfanonin na turawa duk bayan wata uku kuma yanzu yawanci a waya ma ana gani. Ka jera ukun a tebur wata-wata. Duk watan da jadawali ya ce an cire, banki ya ce an tura, amma sitatimen bai nuna ba, to ko PIN aka rubuta ba daidai ba ko kuɗin ya je ba tare da jadawali ba yana can a ajiye ba a san na wa ba ne, wannan kuskuren ofis ne kuma ana gyara shi. Wanda jadawali ya ce an cire amma babu shaidar banki kuwa, wannan shi ne abin da za ka sa a rubuta a minit ɗin taro da bakinka, ka tabbatar an rubuta kafin ka sa hannu. Kuma ka kula da kashi 10 ɗin hukuma musamman, don shi ba ya fitowa a takardar albashi a matsayin abin da aka rage maka, sai a yi watanni ana tura 8 kaɗai mutum yana ganin alat yana murna.

A nan Abuja ƙananan hukumomi shida ne, AMAC ta cikin birni da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, kuma duk wata ana zaman rabon kaso na asusun haɗin gwiwa, a nan ake ware albashin malaman firamare da kason fansho, jaridu ma kan buga alƙaluman. Ka riƙa yanke su kana ajiyewa, ranar da aka ce maka kuɗi bai zo ba kana da abin nunawa. Akwai kuma hukumar fansho ta ma'aikatan ƙananan hukumomin Abuja, ka san hanyar ofishinsu, ka san wanda ke riƙe da fayil ɗin ƙaramar hukumarku.

Sai dattawan da suka fara aiki kafin 2004. Su haƙƙinsu kashi biyu ne, akwai na shekarun da suka yi a tsohon tsari wanda ake lissafawa a biya cikin asusunsu in za su yi ritaya, akwai wanda aka tara daga baya, kuma na farkon ne ke yawan makalewa har mutum ya ajiye aiki ya zauna babu albashi babu fansho. Ka nemi sunayen duk wanda zai yi ritaya nan da shekara biyu, ka tambaya an ware musu kuɗin ko kuwa sai ranar ta zo za a fara neman sa hannu. Duk wanda ya taɓa zuwa sakatariya ranar tantancewa ya san abin da nake nufi, tsoho ya taso tun asuba daga ƙauye da leda baƙa a hammata, a ciki akwai takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma na ƙarshe duk sun yi ja sun kakkarye ta wajen ninki, ya wuni a gindin bishiya sai la'asar a ce masa shekarar haihuwar da ke fayil ba ita ce a NIN ba ya je ya gyaro. Wannan gyaran tun mutum na da ƙarfinsa ya kamata a yi, kuma kwamitinku zai iya sa a bi fayil-fayil yanzu. Tantancewar ita kanta dole ce don da ita ake cire sunayen bogi da na mamatan da wani ke karɓe musu, amma mara lafiya da wanda ya tsufa tukuf a bi shi gida, ba a ɗauko shi a bayan mashin ba.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ka, kuma shi ya fi wuya. Za a fara girmama ka, za a ba ka alawus na zama, wataƙila a sa sunanka a bita a wani otal, ba laifi ba ne in yana cikin ƙa'ida amma ka lura da ranar da za a miƙo maka takarda a ce ranka ya daɗe sa hannu kawai an riga an duba. Ƙasar nan ta ga abin da kuɗin fansho ke yi wa mutane, Abdulrasheed Maina gyaran fansho aka ɗora shi ya yi, a 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8 kan halasta kuɗin haram. In ka kai ƙorafi a kwamiti sau ɗaya sau biyu aka share, ku rubuta da sunan ƙungiya zuwa PenCom ku haɗa da kwafin shaidunku, kar ka tafi kai kaɗai kuma kar ka dogara da maganar baki.

TAMBAYA: Malam ni malamar firamare ce a Bwari, hankalina bai kwanta da kuɗin fanshon nan ba saboda ance da ruwa ake juya shi, ni kuma bana son in ci riba a ƙarshen rayuwata. Zan iya cewa a daina cire min? Maman Khalifa.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri da wannan taka-tsantsan. Cirewa kam ba za a daina ba, doka ce. Kuma maganar da kika ji akwai gaskiya a ciki, mafi yawan kuɗin fanshon ƙasar nan gwamnatin tarayya ake ba wa bashi tana biya da ruwa. Amma kuɗin fansho rukuni-rukuni ake juya shi, kuma an buɗe wani rukuni da ake kira Fund VI wanda aka tsara don masu gudun riba, ana zuba kuɗinsa a irin su sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, wanda gwamnati ta fara fitarwa a 2017 ana gina tituna da shi, da hannun jarin kamfanonin da sana'arsu ta halal ce. Ba a kai mutum can sai ya nema, in kika yi shiru to kina rukuni na biyu in ba ki kai 50 ba, ko na uku in kin kai. Ki je ofishin PFA ɗinki ki ce a mayar da ke, ki kuma tambaye su a ina da ina suka zuba kuɗin rukunin, haƙƙinki ne ki sani. In suka yi miki yawo da hankali, tun ƙarshen 2020 an ba kowa damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Hukuncin abin da ya riga ya taru a baya kuwa malamai za ki tambaya, su ne masu wannan fagen.

TAMBAYA: Babanmu ya rasu yana cikin aiki a ƙaramar hukuma, yayanmu shi aka rubuta a matsayin na kusa da shi a fayil, yanzu yana cewa kuɗin nasa ne shi kaɗai, mu tara ne ga iyayenmu mata biyu. Haka abin yake? Daga Kuje.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. A'a ɗana, ba haka ba ne. Rubuta sunan mutum a wannan gurbin bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba, kuma a aikace kamfanin ba zai saki abin da ke asusun ba sai an kawo takardar shaidar rasuwa da takardar kotu da ta nuna waɗanda za su karɓa a madadin magada, daga nan kuɗin ya shiga cikin gado a raba yadda shari'a ta tsara, matan biyu su raba tumuni sauran na ƴaƴa in babu iyayen mamaci a raye. Ku je kotun tare, a sa suna fiye da ɗaya a takardar, a buɗe asusun magada wanda mutum ɗaya ba zai iya cire kuɗi shi kaɗai ba.

Kuma akwai wani haƙƙin da iyalai da yawa ke bari a baya don ba su sani ba, doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, wannan daban yake da abin da ke cikin asusu, in kuma ba a yi inshorar ba to biyan yana kan hukumar da ya yi wa aiki. Ku tambaya a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Shi kuma yayan naku kar ku fara da faɗa, wataƙila wani ne ya gaya masa haka ya ɗauka, ku samu ƙanin Baba ko limamin unguwa a zaunar da shi a karanta masa wannan amsar, in ya so sai ku ɗunguma kotun tare da iyayen naku mata.