Na warke daga Apollo, sai ga shi ya dawo

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Nas. Ni matar aure ce mai yara huɗu, muna zaune a gidan yawa a Zariya. Bayan Babbar Sallah ɗana na biyu ya kwaso Apollo daga Islamiyya, kafin mako ya zagayo ya bi gidan kaf, har ni da abokiyar zamana da surukarmu. Muka sayi maganin ɗigawa kwalba ɗaya a kemis muka yi ta ɗiga wa kowa. Na warke sarai, sai ga shi bayan mako uku idona na hagu ya sake yin ja, da hawaye da kwantsa. Hajiya surukata ta ce wanda ya yi Apollo sau ɗaya ya gama da shi. Maƙwabciyata kuma ta ce don na kalli idon ɗanta ne, wai in wanke da ruwan sukari ko fitsarin safe. Shin yana maimaitawa? Yaya zan raba gidanmu da shi? Abokiyar zamana ta kusa haihuwa, ina tsoron kada jariri ya zo ya tarar da shi. Daga Maman yara huɗu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sauki abokiyar zamanki lafiya. Tun kafin in shiga bayani ina roƙonki abu ɗaya: kada ki sa fitsari ko ruwan sukari a idon nan. Zan dawo kan dalilin.

Eh, yana maimaitawa. Maganar Hajiya tana da ɗan tushe, domin jiki yakan gane ƙwayar cutar da ya taɓa yaƙa, ya daɗe yana tsare kansa daga ita. Sai dai abin da muke kira Apollo suna ɗaya ne da muka raɗa wa cututtuka da yawa. Sunan ya samo asali ne daga Ghana a shekarar 1969, lokacin da wata annobar jan ido ta ɓarke a daidai lokacin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata da kumbon Apollo 11, mutane suka haɗa abu biyun, sunan ya bi cutar har Najeriya da Nijar. Ƙwayar da ta haddasa waccan annoba, enterovirus 70, ita ce mai saurin nan: yau ka yi musabaha da mai ita, gobe ko jibi idonka ya kumbura, wani lokaci har jini ya kwanta a farin ido, sannan ta tafi cikin mako guda ko kwana goma. Tana da 'yar'uwa mai irin halinta, coxsackie A24. Ga kuma dangin adenovirus, su sun fi iri 50, suna ɗaukar kwana 5 zuwa 12 kafin su bayyana, mai su kuma yana iya yaɗawa har mako biyu. Waɗannan duk ƙwayoyin bairos ne. Ban ma lissafa ƙwayoyin bakteriya ba, masu kwantsa mai kauri da ke liƙe ido da asuba. Garkuwar da kika samu daga ɗaya ba ta hana ki kamuwa da ɗayar, kuma ita kanta garkuwar tana raguwa da shekaru. Shi ya sa za ki ga mutum ya yi bara, ya sake yi bana.

Kallo kuwa ba ya kawo shi. Shekaruna a ɗakin duba ido, aikina ke nan leƙa jajayen idanu daga safe zuwa azahar, da kallo ne da ban taɓa hutawa ba. Ƙwayar tana cikin hawaye da kwantsa, wani lokaci da majina da atishawa. Mai ciwo ya murza ido, ya kama marfin ƙofa ko hannun buta, wani ya zo ya kama, ya kai hannu fuska. Baƙin tabarau da masu ciwon ke sakawa yana da amfani, yana rage zafin haske, yana kuma ɗan hana yatsa kaiwa ido, amma ba ya tsare wanda ke kallonsu daga komai.

A wasiƙarki abin da ya fi tsaya mini shi ne kwalbar nan guda ɗaya. Na san yadda ake yi, don na sha gani. Uwa ta zauna a tabarma bayan sallar isha'i, yara su jeru, ta kwantar da kan na farko a cinyarta, ta buɗe masa ido da yatsa biyu, yana mutsu-mutsu, bakin kwalbar ya goga gashin idonsa. Ta share hawayen da bakin zaninta, ta ce na gaba ya matso. Da yatsun nan, da kwalbar nan, da bakin zanin nan ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda idonsa bai riga ya kamu ba, wai don rigakafi. Ita niyyarta alheri ce tsantsa, amma kwalbar ta zama motar haya ga cutar. In har yanzu tana kan madubinki, kuma ita kika ɗauko da idon ya sake ja, ki jefar da ita yau. Maganin ɗigawa na mutum ɗaya ne, bakinsa ba ya taɓa ido, kuma ko lafiya ƙalau aka yi amfani da shi, in ya kai mako huɗu da buɗewa an gama da shi.

Sai kwalli. Ba ki ambace shi ba, amma ina da yaƙinin akwai shi a labarin. Ni kaina Apollo ya taɓa dawo mini, kuma da na bi sawu a nan na kama shi. Na yi ciwon, na warke, ƙanwata da ta zo hutu ta tashi da nata jan idon, ban kuma yi tunanin tsinken kwallin da muke zizarawa tare ba. Kwanaki kaɗan idona ya sake rufewa. Tsinken kwalli yana bin gefen ido ta ciki, daidai inda hawaye ke taruwa, sannan ya koma cikin tandu ya jira mai zuwa. Adenovirus na iya yin makonni a raye a kan busasshen abu irin roba ko ƙarfe. Duk kwallin da aka taɓa lokacin ciwon, da jagira da abin gashin ido da soson hoda, a zubar. Na san akwai tandun da mace ba ta son rabuwa da shi, wataƙila tsarabar Makka ce ko na mahaifiya. To a zubar da na cikin, a wanke tandun da tsinken tas da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, kuma daga yau kowace mace da nata.

Sauran aikin na wanki ne. Rigar filo, zanin gado, tawul, hankici, hijabi da gyalen da ake share ido da su, a wanke da ruwan zafi da omo a shanya a rana, a riƙa canza rigar filon mai ciwo kullum. Mai ciwo ya ware tawul ɗinsa da dardumarsa, ya share ido da tishu ko auduga ya jefar nan take. Marfin ƙofa, kan famfo, hannun buta da makunnin fitila a goge su da ruwan bilic, kashi 1 na bilic a kashi 9 na ruwa, a ajiye shi nesa da yara da ido. Waya da rimot su ma a goge su, don yara sun fi damƙarsu fiye da komai. Sanitaiza ba ta cika cin waɗannan ƙwayoyin ba, sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 20 sun fi ta. Shawarar da na fi ba mutane ita ce a ajiye sabulu a wurin alwala: sau biyar a rana hannu yana zuwa fuska, in aka fara wanke shi da sabulu an toshe babbar hanya. Yaron da idonsa ke zubar ruwa ya zauna a gida har ya bushe, boko da Islamiyya duka, ki aika wa malaminsa dalili. In ba haka ba shi zai kai wa 'yan ajinsu, bayan mako biyu ƙaninsa ya dawo miki da ita.

Amma akwai yiwuwar abin da ke idonki yanzu ba sabon kamu ba ne, kuma nan ne hankalina bai kwanta ba. Wani nau'in adenovirus yakan bar ƙananan ɗigo-ɗigo a baƙin ido bayan jan ya wuce, mutum ya riƙa gani dishi-dishi, haske na damunsa. Wani lokaci bakteriya ce ta hau kan idon da ya riga ya raunana. Wani kuma ƙura ce ko hayaƙin murhu ke tayar da ƙaiƙayi a ido biyun, irin wannan ba ya yaɗuwa ko kaɗan. Akwai kuma jan ido ɗaya mai zafi wanda gyambo ne a baƙin ido, ko kumburi daga ciki, waɗannan suna makantarwa. Ta wasiƙa ba zan iya bambance su ba, sai an haska idon.

Ki duba jikin kwalbar da kuka saya kafin ki jefar. In kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, maganin sitiroid ne. Yana kwantar da ja cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa mutane ke yabonsa, amma yana tsawaita zaman ƙwayar a ido, yana zurfafa gyambo, in aka daɗe a kansa yana kawo hawan jinin ido da yanar ido. Da yawa da an daina shi sai jan ya dawo, a ce Apollo ya maimaita. Shi kuwa chloramphenicol na bakteriya ne, ba ya kashe bairos. Apollo na gaske da kansa yake tafiya, abin da yake so shi ne tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan rufaffen ido, da haƙuri.

Fitsari kuwa, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, ita kuma tana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Na taɓa karɓar wani matashi ɗan acaɓa da abokansa suka ba shi wannan shawara. Ya zo a rana ta huɗu, fatar idonsa ta kumbura kamar ƙwai, ina share mugunya tana sake cikowa kafin in jefar da audugar. An ceto ido ɗaya, ɗayan ya tafi. Har yau in na ji an ambaci fitsarin safe fuskarsa nake gani. Ruwan sukari, ruwan batir, lemun tsami, nonon uwa, ruwan albasa, duk kada su kusanci idonki.

Game da jaririn da ake jira: duk mai jan ido ya haƙura da ɗaukarsa har ya warke, masu zuwa barka su wanke hannu, kuma a roƙi Hajiya da ungozoma cikin ladabi kada a zizara masa kwallin gida. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba in idonsa ya kumbura ko ya fara kwantsa, a ranar ake kai shi asibiti, ba a jira suna.

Ke kuma, tunda ido ɗaya ne kuma ya dawo bayan warkewa, ki je a duba ki cikin makon nan. In akwai zafi mai tsanani, ko ganinki ya ragu, ko ba kya iya buɗe ido a haske, ko kin ga farin ɗigo a baƙin idon, to gobe da safe. Kuna da sashen ido a asibitin koyarwa na Shika, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ba nisa. Ki rubuta sunan maganin da kuka ɗiga a takarda ki tafi da shi, ki gaya musu kwana nawa kika yi kina sawa da ranar da kika daina.