Tsohon kare ya kasa hawa mota: wane irin allon hawa ya dace da shi?

Tambaya: Ina da kare Jaman shefad, irin wanda mutane ke kira karen 'yan sanda. Shekararsa 10, nauyinsa kilo 36. Da can tsalle ɗaya yake yi ya shige but ɗin mota, yanzu sai ya ɗora ƙafafun gaba ya tsaya yana kallona, in ya sauko kuma sai ya yi ɗingishi. Likitan dabbobi ya ce ciwon gaɓɓai ne a kwankwaso, kuma duk wata nake kai shi asibiti. Tsawon but ɗin daga ƙasa santimita 75 ne. Akwai kuma ƙaramar karya mai dogon baya da gajerun ƙafafu da ke hawa kujerar baranda mai tsawon santimita 45. Allon hawa zan saya ko matakala? Yaya zan gane mai kyau, kuma ɗaya zai ishe su su biyun?

Amsa: Malam, ka riga ka yi rabin aikin da ka auna tsawon but ɗin, domin daga wannan awon komai ke tashi. Ga karnukan da ka bayyana, allo mai gangare ya fi matakala, kuma abin da zai raba mai amfani da marar amfani shi ne tsawonsa, sannan riƙon da samansa ke yi wa ƙafa. Launi da suna da yawan kuɗi duk bayan waɗannan suke.

Mu fara da abin da ka gani da idonka. Hawa yana wahalar da ƙafafun baya da kwankwaso, saboda su ne ke tura jiki sama, shi ya sa yake tsayawa a rabi. Sauka kuwa ƙafafun gaba take duka. Ko a tsaye kare yake, kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake, to ina ga ya diro daga sama. A wani bincike da aka yi a kwalejin Hartpury ta Ingila, aka wallafa a 2018, an sa karnuka sun diro daga tsawon santimita 55 da 65 da 75, kwatankwacin but ɗin motoci, aka auna ƙarfin bugun da ƙafafun gaba ke sha. Daga 55 zuwa 75 bugun ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Motarka a kan na ƙarshen take. Masu kare da yawa suna taimaka masa ya hau sannan su bar shi ya diro da kansa, ganin cewa yana iyawa, alhali a wajen saukar ne aka fi jin rauni.

Lissafin tsawon allo ba shi da wuya. Ka ninka tsawon wurin da za a hau sau uku. Wannan yana ba da gangare na kusan digiri 19 zuwa 20, wanda tsohon kare mai ciwo ke iya takawa ba tare da ya yi ta yunƙuri ba. Kare mai ƙarfi da lafiya yana jure digiri 25, wato ninki biyu da rabi ko ƙasa da haka kaɗan. In allo ya zama ninki biyu kacal, gangaren ya kai digiri 30, kuma a nan za ka ga kare yana kafa farata, ƙafafun baya suna zamewa, daga ƙarshe ya gwammace ya yi tsalle ta gefe. Ga motarka, 75 sau uku ya ba da santimita 225. Ga kujerar, 45 sau uku ya ba da 135.

Matsalar ita ce yawancin allunan da ake sayarwa tsakanin santimita 150 zuwa 180 suke, domin an yi su ne yadda za su naɗu su shiga mota cikin sauƙi. Mai santimita 157 a kan but ɗinka zai tsaya a digiri 28 da ɗoriya, ya yi wa karenka tsaye da yawa. Mai 180 zai ba da kusan digiri 25, bakin iyaka ke nan, kuma ga mai ciwon kwankwaso ba mu so a zauna a bakin iyaka. Akwai na alminiyom masu zuƙewa cikin juna da ke kaiwa santimita 220, su ne suka dace da kai in ka samu. In 180 kaɗai ke hannu, akwai dabara: ka ja motar da baya zuwa bakin dakali ko dandamalin da ya ɗaga da santimita 15, ka ɗora ƙafar allon a kai. Tsawon da za a hau ya koma 60, kuma 180 ya zama ninki uku daidai. Sai dai ka tuna ba lallai ka sami dakali a ƙofar asibiti ba. Ka kuma duba fili: allo mai santimita 225 yana cin fiye da mita 2 a bayan mota, sannan kare na buƙatar kamar mita ɗaya don ya fuskanci allon kai tsaye. Wanda ya shigo ta kusurwa shi ne ke kuskure gefe.

Faɗi ma yana da muhimmanci, musamman ga mai ciwon kwankwaso, domin bayansa na lilo hagu da dama in yana tafiya. Kada ya gaza santimita 45 a inda ƙafa ke taka, 50 ya fi. Ka lura masu sayarwa kan rubuta faɗin allon duka har da bakinsa, don haka ka auna ciki. Ga ƙaramar karyar, 30 zuwa 35 ya isa. Ya kasance akwai ɗan baki a gefe biyu mai tsawon santimita 3 zuwa 5. Ba zai tare kare mai faɗuwa ba, amma ƙafa na jin sa ta gyara kafin ta kuɓuce.

Samansa kuwa, a nan allunan arha ke faɗuwa. Akwai mai kaushi kamar samfefa, yana riƙe ƙafa ko da ruwa, sai dai yana cin tafin ƙafa da farata, kuma bai dace da karen da ke jan ƙafa ba, zai goge masa fata har jini. Kafet mai santsi ba ya riƙo, ya kuma jiƙe da damina ya yi wari. Filastik zalla mai ɗan zane-zane ka guje shi, ko da an ce ba ya santsi. Abin da muka fi yarda da shi shi ne roba mai laushi mai layi-layi a gicciye, irin ta shimfiɗar ƙasan mota, ko ciyawar roba gajera mai kauri. Gwajin da za ka yi a shago: jingina allon a gangaren da zai yi aiki, ka danna tafin hannunka ka ja ƙasa, sannan ka jiƙa wurin ka sake. In hannunka ya zame, ƙafar kare ma za ta zame. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan roba ta kashe riƙonta, saboda haka a riƙa share shi kafin amfani. Da bazara kuma baƙin allo da alminiyom suna ɗaukar zafin da ke ƙona tafin ƙafa. Ka aza bayan hannunka na daƙiƙa biyar, in ba ka iya jurewa ba, a zuba ruwa ko a kai inuwa.

Game da nauyin da aka rubuta allo na ɗauka, wannan awo ne na kaya a ajiye, ba na dabba mai tafiya ba. Ka nemi wanda ya ninka nauyin karenka aƙalla sau biyu, wato kilo 75 zuwa sama. Amma karyewa ba ita ce ta fi faruwa ba. Abin da ya fi faruwa shi ne lanƙwasa da girgiza a tsakiya, kuma kare da ya taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa yana daɗewa bai sake yarda ba. Ka danna tsakiyar da ƙarfin jikinka. In ya lotsa sosai ko ya yi ƙara a mahaɗa, ka bar shi. Ka kuma ɗaga shi da hannu ɗaya, domin allon da ya yi maka nauyi a gida zai zauna. Na filastik masu naɗewa kan yi kilo 5 ko kusa da haka, na alminiyom masu zuƙewa sun ɗan fi su.

Inda allon ke haɗuwa da mota, leɓensa na sama ya kwanta sosai a kan bakin but ɗin, ba a saman bamba mai santsi ba, kuma ya kasance da roba a ƙarƙashi. In akwai igiyar tsaro, a maƙala ta a ƙarfen da murfin but ke kullewa. Ƙafarsa ta ƙasa ma tana son roba, domin a kan tayil ko siminti mai laushi allo na gudu baya daidai lokacin da kare ya taka sama. Ƙofar gefe ba ta cika karɓar allo ba, saboda ba ta buɗewa gaba ɗaya, sai allon ya karkace gefe ɗaya na leɓensa yana reto.

In ba ka sami na saye ba, kafinta zai iya yi maka. Falle ɗaya na filawud tsawonsa santimita 244 ne, faɗinsa 122, ya wadatar da allunan biyu. Ga na mota, a yanka 225 da 50 daga mai kaurin milimita 12, a kafa katako biyu a tsaye a ƙarƙashi daga sama har ƙasa, domin su ne ke hana lotsawa. A yi amfani da sukuru maimakon ƙusa, ƙusa tana saki da girgiza ta kuma leƙo. A manna roba a sama, a gitta siraran katakai masu kaurin santimita ɗaya kowane santimita 12 zuwa 15, a goge kaifinsu. In ana so ya naɗu biyu, a sa hinji a ƙarƙashin mahaɗar, yadda in nauyi ya hau bakunan katakon za su tokari juna ta sama. In aka sa ta sama, mahaɗar za ta buɗe ta ƙasa allon ya durƙushe. Aibin na katako shi ne nauyi, wannan girman zai haura kilo 15.

Ita kuma ƙaramar karyar, in dakshund ce ko mai kama da ita, batunta ya fi gaggawa fiye da yadda ake zato. Irin waɗannan karnuka masu dogon baya, har da waɗanda Turawa ke kira basset da corgi, matashin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu yana saurin bushewa tun suna da ƙuruciya, kuma in ya fashe yana danne laka. A cikin dakshund, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar kan gamu da wannan ciwo a rayuwarsa. Matakala tana sa bayan ya riƙa lanƙwasa a kowane taku, kuma gajerun ƙafafu sukan mai da hawanta ƙananan tsalle-tsalle. Ana barin matakala ne ga ƙaramin kare mai lafiya a wurin da babu fili. Ita dai allo mai santimita 135 za a yi mata, mai tsayawa da ƙafafunsa, da ɗan fili a sama kamar santimita 30 da 30 inda za ta juya. In baranda ta yi ƙunci, a shimfiɗa shi a jikin kujerar ta tsawo maimakon ya miƙo tsakiya. Allo ɗaya ba zai ishe su ba: nata dole ya zauna a wurinsa dare da rana, in ba haka ba duk lokacin da ka tafi da shi a mota za ta koma tsalle.

Koyarwa ba a gaggauta ta. Shimfiɗa allon a ƙasa tukuna, ka jera ƙananan yankan nama a kansa, ka bar kare ya taka da kansa ya je ya dawo. Minti uku zuwa biyar, sau biyu a rana. In ya saba, ɗora kan allon a bulo ɗaya, sai dakali, sai mota. Ka tsaya a gefensa daidai kafaɗa, igiya gajera amma a sake, kuma ɗamarar ƙirji ta fi abin wuya. Kada a ja shi, kada a tura shi. Abincin ya kasance ƙasa kusa da allon, domin in ka ɗaga hannu zai ɗaga kai ya daina ganin inda yake takawa. Wajen sauka ka fi sa ido, karnuka kan yi tsalle in sun kai rabi, saboda haka ka ajiye ladar a can gaba da ƙarshen allon. In ya tsorata a wani mataki, a koma na baya. Wasu kwana biyu ya ishe su, wasu sai mako biyu. A rage masa farata, a aske gashin da ke tsakanin yatsunsa, domin ko roba mai kyau ba ta riƙe ƙafar da gashi ya rufe. Ranar da ƙafafun bayansa suka yi rauni, tawul da aka zagayo ta ƙarƙashin cikinsa aka riƙe ta sama yana rage masa nauyi yayin hawa.

Allo yana rage wahala ne, ba ya maganin ciwon. Ka tambayi likitansa ko kilo 36 ya yi masa yawa, domin rage ƙiba na sauƙaƙa wa gaɓɓai sosai. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen ko diclofenac, suna yi wa kare gyambon ciki su lalata ƙoda. In kuma ka ga ɗayansu yana jan ƙafar baya, ko yana taka bayan ƙafa maimakon tafi, ko ya yi doro yana kuka in an taɓa shi, ko fitsari na zubo masa ba da saninsa ba, a ajiye batun allo gefe. A hana shi motsi, a ɗauke shi a kwance da baya a miƙe, a kai shi asibiti a ranar, domin a ciwon laka sa'o'i kaɗan na iya raba wanda zai sake tafiya da wanda ba zai sake ba.